Gargaɗi: jabun lambobin yabon sojan saman Sifaniya sun cika kasuwar intanet

Masu tara tsofaffin lambobin yabo na soja, a yi hattara da wasu dillalai a zaurukan Facebook da shafukan gwanjo. Cikin abin da suke tallatawa akwai Cruz del Mérito Aeronáutico, lambar yabon sojan saman Sifaniya mai siffar kuros, suna cewa ta matuƙin jirgi ce da ya yi yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939. Ƙarya ce tun daga tushe. Sai a 1945 aka ƙirƙiro wannan lambar, rundunar saman ma ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a 1939.

Kafin ka saurari dogon labarin dillali, dubi kambin da ke saman lambar, domin kambin lambobin sojan Sifaniya ya sauya da sauyin mulki. Zamanin Sarki Alfonso XIII, har zuwa 1931, rufaffen kambin sarauta ne. Jamhuriyar da ta biyo baya ta sauya shi da mai siffar ganuwar birni. Mulkin Janar Franco ya kawo buɗaɗɗen kambi, bayan 1975 kuma rufaffen ya dawo. Duk lambar da kambinta bai yi daidai da shekarar da aka jingina mata ba, ko dai jabu ce, ko kuma haɗin gambiza: jiki daga nan, kambi daga can, an liƙe da dalma.

Inda ake kama hatta ƙwararru shi ne, lambobin Sifaniya galibi ba sa ɗauke da sunan mai su, kuma maƙera da yawa ne suka ƙera su. Don haka bambancin aiki kaɗai ba hujja ba ne. Mayaudaran sun san haka. Sai su sami lambar gaske mai arha, su haɗa mata takardar shaida ta bogi da aka jiƙa da ruwan shayi, su ce ta wani ce daga Escuadrilla Azul, rukunin matuƙan Sifaniya da ya yi yaƙi a Rasha a yaƙin duniya na biyu, farashi ya ninka. A gaskiya takardar kake saye, ita ce kuma ta fi sauƙin ƙagawa. Ana iya neman sunan a jaridar gwamnati ta wancan lokaci, ko a ma'ajiyar tarihin rundunar da ke garin Villaviciosa de Odón, kusa da Madrid.

Ƙarfen ma yana magana. Wadda aka buga da hatimi gefenta kaifi ne, bayanta sumul. Ta zubi tana da ƙananan ramuka kamar na soso, da siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu. Launin asali gilashi ne da aka narka a wuta, allura ba ta shigarsa. Na jabu ƙaro ne, tsinin allura yana barin tabo. Haska ƙyallen ratayar da tocilan duba kuɗi: idan farinsa ya yi shuɗi bau, zaren zamani ne. Sai dai ƙyalle kan tsufa a sauya shi, kada a yanke hukunci da shi kaɗai. Hakanan ake gwada bajon fukafuki da ake kira Rokiski, har da allurarsa ta baya.

Wasu ma ba su da kayan sam, hoton gwanjon wani suka sato. Nemi sabon hoto gaba da baya da gefe, lambar a kan sikeli, da takarda mai ranar yau da rubutun hannu. Idan ya ce ka biya ta sashen 'yan'uwa da abokai na manhajar biyan kuɗi ta PayPal, ka sani babu kariyar mai saye a wannan hanyar, kuɗin da ya tafi ya tafi.