Sharhi kan Yu-Gi-Oh! Master Duel: alƙalin wasan ba ya kuskure, amma ba ya bayani

Duk wanda ya sauke Yu-Gi-Oh! Master Duel a wayarsa, da wuya ya yi mako guda bai rantse cewa manhajar ta samu matsala ba. Kati na hannunka, ka karanta shi sau biyu, ka ga shi ne maganin abin da abokin karawa ya yi, amma ya ƙi haskawa, wato wasan bai ba ka damar kunna shi ba. Ko kuma dodonka ya mutu, kana jiran ladan da aka rubuta a jikinsa, wasa ya wuce abinsa. Na daɗe ina bugawa, kuma kusan duk lokacin da na bi diddigin irin wannan, sai in tarar doka ce aka bi. Ni a wurina wannan ne mafi kyawun abu a wasan, kuma shi ne ke korar sababbin shiga.

Kamfanin Konami ne ya fitar da shi a Janairun 2022, kyauta, a kwamfuta da waya da na'urorin wasa. Asalinsa wasan kati ne na takarda da ya fara a Japan a 1999, kuma an kwaso kati fiye da 10,000 an zuba a ciki. Kowa yana farawa da makin rai 8000, da tarin kati 40 zuwa 60, da kati biyar a hannu. Akwai katin dodo, da katin sihiri, da katin tarko. Wannan duk ana koyonsa a yini ɗaya. Abin da ke cin watanni shi ne sanin lokacin da kati ke da ikon motsi.

Tushen komai shi ne sarƙa. Idan na kunna kati, kana da damar amsa mini kafin nawa ya yi aiki, ni ma in amsa maka, har kowa ya yi shiru. Daga nan sai a warware daga ƙarshe zuwa farko, kamar kwanukan da aka jera: na saman ake fara saukewa. Nan sabon ɗan wasa ke fara cin karo da bango. Abokin karawa ya kunna Raigeki don share dodanninka, kai kuma ka yi maza ka amsa da Mystical Space Typhoon, ka farfasa katin nasa kafin ya yi aiki. Ka ga katin ya tarwatse a idonka, sannan dodanninka duka su bi shi. Farfasa kati daban, soke aikinsa daban. Amma da a ce Call of the Haunted ya kunna, wanda tarko ne mai zama a fili, da Typhoon ɗin ya gama da shi, domin irin waɗannan sai suna nan a fili aikinsu ke tabbata. Kati ɗaya, amsa ɗaya, sakamako biyu, kuma ba a rubuta wannan a jikin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wanda ya fi kowanne ban haushi shi ne wucewar lokaci. Wasu katunan suna farawa da "When" (lokacin da), sannan su ce "you can" (kana iya). Irin waɗannan ba sa motsi sai in abin da suke jira shi ne abu na ƙarshe da ya faru. Ɗauki Dupe Frog: in ya bar fili ya tafi maƙabarta, wato inda ake ajiye katunan da suka mutu ko aka gama amfani da su, kana iya ɗauko wani kwaɗon ka sa a hannu. In an kashe shi a faɗa, lafiya lau. Amma in ka sadaukar da shi don kiran babban dodo, abu na ƙarshe da ya faru shi ne saukar babban dodon, ba tafiyar kwaɗon ba, don haka ba ka samun komai. Wani dodon mai suna Sangan kuwa da "If" (idan) yake farawa, kuma aikinsa dole ne ba zaɓi ba, ko ta wace hanya ya bar fili zuwa maƙabarta sai ya ɗauko maka dodo mai ƙarfin hari 1500 ko ƙasa. A ido ayyukansu iri ɗaya ne. A wasa ko kusa.

Abin ya kai har akwai katin da ake ɗauka don cin gajiyar wannan giɓi. Soul Taker yana kashe dodon abokin karawa, sannan ya ba shi makin rai 1000. Kallon farko za ka ce wane irin sakarci ne ka yi wa maƙiyi kyauta. To kyautar ita ce dabarar: da yake ita ta zo ƙarshe, mutuwar dodon ta daina zama abu na ƙarshe, sai ladansa ya bi ruwa. Haka ma in dodon ya mutu a tsakiyar sarƙa, ba a zobenta na farko ba, wato katin da aka fara kunnawa. Gaskiya ba na ganin wannan a matsayin wata hikima da aka zauna aka tsara. Gadon tsofaffin katuna ne, shi ya sa yawancin sababbi da "If" suke zuwa. Sai dai tunda tsofaffin suna nan cikin wasan, dole ka san halinsu.

Inda nake ganin akwai hikima ta gaske shi ne rarrabe farashi da aiki. Tun 2011 aka sake tsarin rubutun katunan Turanci, ta yadda alamomin rubutu suka zama doka. Abin da ya zo kafin ɗigo biyu sharaɗi ne. Abin da ya zo kafin ɗigo mai waƙafi a ƙasa shi ne abin da za ka yi tun lokacin kunnawa, kamar biyan farashi ko nuna wanda kake hari. Sauran shi ne aikin. Kuma farashi in an biya ba a mayarwa. Pot of Desires yana cewa ka kori kati 10 daga saman tarinka, a kife, ka ja biyu. Ka kori goman, abokin karawa ya jefo Ash Blossom & Joyous Spring daga hannunsa ya soke jan. Goma sun tafi, biyu ba su zo ba. Wanda bai taɓa ɗanɗana wannan ba bai fara wasan ba tukuna.

Ga ƙarin gishiri. Pot of Desires sau ɗaya ake kunna shi a zagaye. In Ash ce ta tare shi, aikinsa ta soke, kunnawar tana nan a lissafi, ba za ka kunna na biyu ba. In kuwa Solemn Judgment ne, wanda mai shi ke biyan rabin makin ransa, kunnawar kanta ya soke, kamar ba a yi ba, sai ka ajiye na biyun in kana da shi. Katin da ya fi tsada da ƙarfi, a nan shi ya fi sassauci.

Ita ma Ash ɗin farashinta ne ke kashe ta. Jefar da ita maƙabarta ake yi kafin ta yi aiki, don haka Called by the Grave yana iya tsamo ta daga can ya kore ta, ya soke aikinta tun sarƙar ba ta iso kanta ba. Amma a yi hattara, sokewar tana hawa kan duk dodo mai wannan suna har ƙarshen zagaye na gaba, kuma ba ta san nawa da naka ba. Ka rufe bakin Ash ɗinsa a zagayenka, in nasa ya zo taka Ash ɗin ma bebiya ce. Na sha ganin mutum ya jefo tasa da ƙarfin gwiwa, ta tafi a banza, ya tsaya shiru na ɗan lokaci sannan ya miƙa wuya.

Irin wannan ne ke faruwa da Skill Drain, tarkon da ke soke ayyukan dodannin da ke fili. Lonefire Blossom na iya sadaukar da wani tsiro don kiran wani daga tari. In wani ya sadaukar, Skill Drain ya hana. In kansa ya sadaukar, lokacin da aikin zai warware ba ya fili, tarkon ba shi da iko a kansa. Dodannin Dark World kuma akasin haka: suna son a jefar da su daga hannu, amma sai in aikin kati ne ya jefar da su. In farashi ka biya da su, sun tafi ke nan.

Sai matakin lissafin ɓarna a lokacin faɗa, wanda ƙofarsa ƙunci gare ta. Ba mai shiga sai masu canza ƙarfin dodo, da tarkon martani, da masu soke kunnawa, da 'yan kaɗan da doka ta ba izini. Shi ya sa in aka kashe Sangan a faɗa, Ash tana hannunka amma ba za ta haska ba. Nan ne mafi yawan masu cewa manhaja ta lalace suke samun hujjarsu.

Abin da ya sa na ci gaba da wasan shi ne ranar da waɗannan dokoki suka koma makami a hannuna. In ayyuka biyu nawa suka tashi lokaci guda, wasan yana tambayata wanne zan sa farko. Ash ba ta amsa sai ga zoben da ke gabanta kai tsaye. Sai in sa muhimmin a zobe na ɗaya, in rufe shi da maras muhimmanci a na biyu, ta rasa ta inda za ta kai gare shi. Ko kuma abokin karawa ya shafe mintuna yana gina wani ƙaton dodo da aka rubuta cewa aikin kati ba ya taɓa shi, sai in sadaukar da shi in ba shi Gameciel, the Sea Turtle Kaiju a madadinsa. Wannan hanyar kira ce kawai, ba kunna aiki ba, babu sarƙa, babu damar amsawa kafin dodon ya tafi. Daɗin wannan ya wuce na cin wasa da ƙarfin tsiya.

A nan manhajar ta fi teburin takarda. Ba gardama, ba wanda zai murɗe doka don ya fi ka baki. Amma ba ta faɗa maka dalili. Akwai kundin da ke nuna abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, kuma kana iya sake kallon wasan da ya wuce, sai dai duk suna nuna abin da ya auku ne, ba abin da ya hana wani aukuwa ba. Darussan farko suna koya maka yadda ake kiran dodanni iri-iri, su bar ka da sauran. Da an sa ɗan rubutu layi ɗaya da zai fito in ka taɓa katin da ya ƙi motsi, da rabin ɓacin ran ya kau.

Akwai kuma maɓallin da ke tsara yaushe za a tambaye ka ko za ka amsa: Auto, On, Off. Auto yana tsallake wasu ƙofofin, On yana damunka da tambaya a kowane motsi. Kuma tambayar kanta tana tona asiri, domin in wasa ya ɗan tsaya bayan na kunna kati, na san akwai abu a hannunka. Gogaggu suna kashe maɓallin har sai lokacin da suke so ya yi. Wannan ba ya cikin dokar kati ko ɗaya, amma yana cin wasa.

Batun kuɗi, ba sai ka kashe ko kwabo ba. Ana ba da duwatsun sayen fakiti da yawa a farko, kuma kati uku da ba ka so in ka narkar da su suna ba ka makin ƙera ɗaya da kake so mai daraja irin tasu: 10 kowanne, 30 ƙira. Sayen fakiti da kuɗin aljihu kuwa sa'a ce zalla, ni dai ban ga bambancinsa da caca sosai ba, kuma ba na yi. Iyaye su kuma sani cewa zanen katunan cike yake da dodanni da matsafa, kowa ya auna wa yaransa.

Rubutun kanana ne ƙwarai a waya, babu Hausa, kuma Turancin irin na takardar yarjejeniya ne. Saukewar tana cin data da wuri mai yawa. Mafi muni ga irinmu shi ne intanet: wasa ɗaya ake yi a matakin gasa, ba wasa uku ba, kuma in layinka ya yanke ya daɗe, an ci ka. Ina ba da shawararsa ga mai haƙurin karatu da son warware ƙulli. Ya fara da ɓangaren da ake bugawa da kwamfuta, ya zaɓi tari ɗaya ya lazimce shi har ya san kowane ɗigo a katunansa, kuma kada ya shiga gasa da yamma lokacin da sabis ke rawa.