Mazurarin roba ko zoben hurawa: wanne zai hana kare lasar ɗinkinsa?

Malam, ka ce an yi wa karenka aikin cire 'yan jakunkunan wari na gefen dubura, kana tambayar abin da za ka saka masa a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Tsakanin kwalar roba mai siffar mazurari da zoben wuyan nan da ake hura wa iska, mazurarin za ka saya, kada ka tsaya wata-wata.

Duba inda ɗinkin yake. 'Yan jakunkunan warin da aka cire a gefe biyu na dubura suke, kuma in kare ya naɗe jikinsa nan bakinsa ke fara isa. Mazurari bakin kansa yake tarewa. Zobe kuwa wuya kawai yake riƙewa, baki a sake yake, ga karnukanmu duk dogon baki gare su, daga Alseshan na gadi har na gida irin na mafarauta.

Nawa Alseshan ne, irin wannan aikin aka yi masa. Daren da aka saka masa mazurarin tsayawa ya yi cik a tsakar gida, kai a sunkuye, in ya taka sai robar ta bugi bakin ƙofa ya ja da baya. Na zauna kusa da shi ina sosa masa bayan kunne ta cikin robar, na ɗora kwanon abincinsa a kan bulo don gefen ya daina tokare ƙasa. Kafin a kwana biyu da shi yake ci, da shi yake barci, har ya koyi karkata kai in zai shiga ɗakinsa. Ranar cire zare ɗinkin a bushe yake tas, ko ɗaya bai warware ba.

Zoben ma ina da shi, ya fi daɗin kwanciya, ba zan hana shi wannan ba. Amma yana wuyansa na ga ya kai harshe gindin wutsiya, tun ranar yake rataye a sito.

Ka tabbatar gefen mazurarin ya wuce ƙarshen hanci kaɗan, yatsunka biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. Zai zauna a wuyansa dare da rana har a cire zare, yawanci kwana 10 zuwa 14. Ƙaiƙayin yakan tsananta ne in fata ta fara haɗewa kuma gashin da aka aske ya fara tsirowa. A nan tausayi ke sa mutanen gida su cire masa "ya ɗan huta", alhali 'yan mintoci sun ishe shi ya tsinke ɗinkin da haƙori. Ka ja wa yara da mai gadi kunne. Kuma robar tana tara zafi, mu da a bazara zafin Kano kan haura digiri 40, saboda haka inuwa da ruwa a kwano mai faɗi dole ne.

Akwai abin da duk biyun ba sa hanawa, wato jan gindi a ƙasa. Kada ka bar shi a kan yashi ko tsakuwa, ya zauna a siminti mai tsabta. In jan gindin a ƙasa ya yi yawa ka faɗa wa likitan da ya yi aikin, akwai maganin da zai rubuta. Duk lokacin da ya yi bayan gida ka sa safar hannu, ka goge wurin a hankali da auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka tsane shi. Ban da Dettol, ban da Izal, ban da sifirit, balle baƙin mai ko toka. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibuprofen yana lalata wa kare ciki da ƙoda. Ƙasusuwa a dakata da su, dafaffiyar kabewa kaɗan a abinci tana sa bayan gida ya yi laushi. Ƙudaje su ne babban abin tsorona, domin ƙwansu kan zama tsutsa cikin kwana ɗaya, don haka ka ɗaga wutsiya ka duba safe da yamma. Kumburi, mugunya, wari, jini ko ɗinki ya buɗe, ranar ka koma asibiti.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu matashin wuyan matafiya suke miƙo wa mutum da sunan zoben kare. Wasu in girman karenka ya ƙare sai su tura maka ƙarami su ce ai zai yi. Ga masu liƙa maka maganin feshi da ba lambar NAFDAC ko wanda kwanansa ya wuce. Kafin ka fita, auna kewayen wuyansa da igiya, ka auna daga wuya zuwa ƙarshen hanci, ka tafi da igiyar a aljihu. In asibitin da aka yi aikin suna da mazurarin, can ka saya, su gwada masa a gabanka.