Ƙaramin jirgin ƙasa: na zagaye za ka saya ko na aiki?

Mu a Sakkwato dogo bai iso mu ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya. Wataƙila shi ya sa duk wanda ya ga ɗan jirgina yana tafiya a kan tebur sai ya tambayi inda ake samunsa. Kafin ka aika kuɗi waje, ka fara sanin irin wasan da kake so.

Akwai mai son ya kunna jirgi bayan la'asar, ya zuba shayi, ya bar shi yana zagaye yara na kallo. Wannan saiti ɗaya na kamfanin Hornby ko Bachmann ya ishe shi, da na'urar DC, wadda ke ƙara ko rage wutar layi don sarrafa gudun jirgi.

Na aiki kuwa daban ne. Kowane tarago da takardarsa: wannan albasa ya ɗauko, wancan fata, ga tashar da za a ajiye shi. Mutum biyu ko uku sukan haɗu, wannan direba, wancan mai ba da hanya. A nan kuɗinka mahaɗar layi zai tafi, wato inda jirgi ke sauya layi, ba yawan kan jirgi ba. Ka nemi kan da ke iya rarrafe ba ya katsewa, domin mai gudu kamar an koro shi ba ya haɗa tarago. In jirgi biyu za su yi aiki a layi ɗaya, na'urar DCC, mai aika wa kowane kan jirgi umarninsa daban, ta fi, tunda kowane kai da lambarsa, sai dai tsada.

Ni dai na aikin nake ba mutane shawara, ko don ƙurar hunturu. Babban zagaye sai ka goge layinsa kusan kullum, in ba haka ba jirgin ya riƙa shaƙewa. Shi kuwa tsarin Inglenook, wani wasan jera tarago na aiki, katako ne ɗaya da bai kai mita 2 ba, ka lulluɓe shi da zani ka ɗora kan durowa. Mahaɗa 2, rassa 3 masu ɗaukar tarago 5, 3 da 3. Cikin tarago 8 a zaɓo maka 5, ka jera su yadda aka ce. Ƙanena ya fi rabin awa a kan jeri ɗaya, goshinsa na tsattsafo gumi, ya ƙi tashi cin tuwo.

Ana yin waɗannan jirage da girma iri-iri: wanda ake kira HO 1:87 ne, wato jirgin gaske ya ninka shi sau 87, N kuma 1:160. N ba ya cin wuri, amma ƙura ta fi damunsa.

Ka kuma duba wuta: kayan Amurka na volt 120 ne, tamu 230. Na Ingila filoginsa ya dace da soket ɗinmu.