Lee Westwood ko Danny Willett: wa ya fi a wasan golf?

Tare 'yan Ingilan biyu suka buga zagayen ƙarshe na gasar Masters ta 2016 a Augusta, Amurka. Willett ya gama ramuka 18 da bugu 67. Jordan Spieth, da ke kan gaba, ya jefa ƙwallo cikin ruwa sau biyu a rami na 12, sai Willett ya ci gasar, ya sa koren kwat ɗin da ake ba wanda ya yi nasara. Westwood ya biyo shi da tazarar bugu uku.

Westwood bai taɓa cin ɗaya daga manyan gasa huɗu na golf ba, waɗanda Masters na cikinsu, amma a ganina shi ne gaba. Shi ya sauke Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya a 2010, ya ci gasa 25 a jerin gasannin Turai, ya buga Ryder Cup, gasar da ake yi tsakanin tawagar Turai da ta Amurka, sau 11. Willett sau ɗaya ya buga, kuma duka wasanninsa uku ya sha kashi.