Pampas ko nafkin, sabo ko gwanjo: amsa ga mai cikin fari da kuɗinta bai kai ba

Wata 'yar'uwa mai cikin fari, wata bakwai, ta ce maigidanta ya ba ta kuɗin kayan haihuwa, amma da ta zagaya kasuwa sai ta tarar ko rabin abin da ta rubuta ba za su saya ba. Tana son a kwatanta mata pampas da nafkin, da sababbin kaya da na gwanjo, a kuma faɗa mata ko dole ne ta sayi gadon jariri, da keken turawa, da madarar gwangwani ta ajiye saboda ko-ta-kwana.

'Yar'uwa, Allah Ya raba lafiya. Kafin ki taɓa kuɗin nan, ki fara cire na takardar da aka ba ki a wurin awo, wadda yawanci ta ƙunshi safar hannu, da audugar mata, da ledar shimfiɗa, da sabulu, sannan ki ware wani abu ki ɓoye domin kuɗin mota idan naƙuda ta zo da tsakar dare, ko magani da gwajin da ba a yi zato ba. Abin da ya rage kuma ki auna shi da tambaya guda: wannan kaya sau ɗaya ake sayensa, ko kuwa kullum sai an sake? Masu cikin fari sun fi tsorata da kuɗin gado da keke saboda suna da yawa a lokaci guda, alhali abin da yake cinye aljihun gida a hankali shi ne wanda yake ƙarewa duk mako, wato pampas da madara.

A makonnin farko jariri yakan buƙaci a canja masa sau 8 zuwa 12 a rana. Ko da a kan 8 aka tsaya, wata ɗaya zai ci pampas 240, kuma ko da yake adadin yana raguwa yayin da yaro yake girma, kuɗin ƙwaya ɗaya yana ƙaruwa ne idan aka koma babbar lamba. Amfaninsa a fili yake: yana tsotse fitsari ya bar fata a bushe, jariri ya fi yin barci mai tsawo da dare, ba ya buƙatar wanki, kuma da shi ake fita unguwa ko asibiti ba tare da an ɓata wa kowa jiki ba. Illarsa ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce tsadarsa takan sa uwa ta riƙa jan lokaci, ta bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har azahar don kada ya ƙare, kuma daga nan ne ƙuraje da saɓewar fata suke farawa, musamman a lokacin bazara. Kuɗin da aka ce an rage sai ya tafi wurin mai kemis.

Nafkin kuwa sau ɗaya ake sayensa. Dozin biyu, da wandon roba uku ko huɗu, da fil mai murfi a kai, sun isa a riƙa juyawa idan ana wanki kullum, kuma idan mai kauri ne zai yi wa ƙaninsa ma. Tsofaffin zannuwan atamfa da suka sha wanki suka yi laushi, idan aka yayyanka su aka kalmashe bakin, suna yin aikin ƙunzugu kamar yadda suka yi wa iyayenmu. Sai dai ba kyauta ba ne. Yana cin ruwa, da sabulu, da ƙarfin mai wanki, kuma ba ya riƙe fitsari, don haka da zarar ya jiƙe sai an cire. Idan kina unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, ki sa kuɗin jarkar da za ta ƙaru kullum a cikin lissafi kafin ki yanke cewa ya fi araha. Haka nan idan haihuwar za ta faɗo a tsakiyar damina, watan Agusta misali, nafkin mai kauri yana iya wuni a igiya bai bushe ba, kuma sanya wa jariri mai danshi ya fi rashinsa muni. A hunturu da bazara babu wannan matsala, rana takan busar da shi cikin 'yan sa'o'i, ta kuma taimaka wajen kashe ƙwayoyin cuta.

A ganina haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Ki yi nafkin da rana a gida, pampas kuma da dare da ranar fita, wanda zai mayar da buƙatarki zuwa biyu ko uku a rana. Idan wankan gida za ki tafi, ko kuwa akwai wata babba da za ta zauna da ke har arba'in, to nafkin zai yi miki sauƙi domin akwai mai kama miki wanki. Idan kuwa ke kaɗai ce, ko aka yi miki aiki, ki ƙara pampas a makonni biyu na farko, jikinki ya fi wankin muhimmanci. Wajen saye, kada girman leda ya ruɗe ki. Ki raba kuɗin da adadin da aka rubuta a jiki ki ga nawa ƙwaya ɗaya ta kama, domin sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa shi ne mafi tsada duk da cewa shi ne ba a jin zafin fitar kuɗinsa. Kuma kada ki tara ƙaramar lamba da yawa, jarirai da dama ba sa wuce 'yan makonni a cikinta.

Batun madarar gwangwani ta ko-ta-kwana, shawarata kada ki saya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba komai, a kuma ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Jaririn da aka ɗora a kan madara tun haihuwa yana shan kimanin kilo 20 a wata shidan farko, wato gwangwani 50 na giram 400. Ki tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a shagon da ke kusa da ke, ki ninka sau 50, sannan ki ƙara kuɗin fida, da fulas, da gawayi ko gas na tafasa ruwa, tunda ana haɗa ta ne da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, kuma wadda aka haɗa ta wuce sa'a 2 zubarwa ake yi. Inda haɗarin yake shi ne idan kuɗi ya yanke a tsakiyar wata, sai a fara rage cokali a ƙara ruwa don gwangwani ya kai, yaro ya riƙa ramewa ana neman dalili. Ajiye ta a ɗaki ma jaraba ce, domin a kwana biyu ko uku na farko, lokacin da dakashi ne kawai yake fitowa kaɗan-kaɗan, ba za a rasa mai cewa yaro yunwa yake ji a ba shi ba, alhali dakashin nan ya ishi ɗan cikinsa, kuma yawan tsotson ne yake kawo ruwan nono. Kuɗin gwangwani ɗaya idan aka sa shi a wake, da gyaɗa, da ƙwai, da ganye domin mai jego, ya fi amfani. Akwai matan da lalura takan hana su shayarwa, wannan kuma ma'aikatan lafiya ne za su faɗa, a lokacin sai a saya.

Tufafi su ne wurin da gwanjo ya yi wa sabo nisa. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kafin ya cika wata shida, saboda haka rigar da aka kashe kuɗi a kanta ba za ta tsufa a jikinsa ba, matse shi za ta yi. A Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, da makamantansu a sauran garuruwa, wadda ta je ranar da aka buɗe dila takan samu kayan auduga masu laushi, wasu ma kamar ba a taɓa sa su ba, a kuɗin da bai kai na sabo mai sheƙi da ake jerawa a kwali ba. Sabon mai araha sau da yawa akwai roba a zarensa, yana riƙe zafi, ga leshi da duwatsu masu kartar wuya, wanki biyu kuma ya saki. Ki juya rigar gwanjo ki duba ɗinkin ciki, ki ja maɓallai ki ga ko suna da ƙarfi, ki zaɓi wadda ake buɗewa ta gaba ko ta ƙasa domin sauƙin canja nafkin, kuma ki fi ɗaukar ta wata uku zuwa shida ki naɗe hannun. Idan kin kawo gida ki wanke da sabulu marar ƙamshi, ki ɗauraye sosai, ki shanya a rana, ki goge. Abin da zan ce a saya sabo shi ne tawul, da nafkin, da duk abin da zai shiga baki.

A nan akwai gargaɗin da ya fi maganar kuɗi nauyi. Kada ki adana kayan jariri da kafur, wannan farin ƙwallon da ake jefawa cikin akwati don korar kyankyaso. Akwai jarirai da yawa a ƙasarmu, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, kuma kafur yana fasa musu jajayen ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani wadda take iya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan 'yar'uwa ta ba ki aron kayan 'ya'yanta kika ji warinsa, ki wanke ki shanya har sai ya fita gaba ɗaya.

Gadon jariri na katako ko na ƙarfe yana da kyau a ɗaki, yana kuma hana yaro faɗowa idan ya fara juyi, amma a gidaje da yawa ƙarshensa wurin tara wanki ne, domin mai shayarwa da dare ba ta jure tashi sau biyar ta ɗauko ta mayar. Abin da lafiyarsa take buƙata shi ne shimfiɗa mai ɗan tauri wadda ba ta lotsawa, a kusa da ke, a kwantar da shi rigingine, babu filo babu tulin bargo kusa da fuskarsa. Ƙaramar katifa mai leda ta biya wannan buƙata a kaso kaɗan na kuɗin gado. Idan an samu gado na aro ko na hannu, a karɓa, a duba kawai cewa tazarar sandunansa ba za ta bar kan jariri ya shige ba. Tsakanin ɗan gidan sauro mai kama da lema da babban gidan sauro mai magani kuwa, babban ne zaɓina: na lema ba shi da magani, yana ɗagawa ta gefe, kuma cikin 'yan watanni yaro ya fi ƙarfinsa, shi kuwa babban yana rufe uwa da ɗa, yana kai kimanin shekara 3, kuma asibitocin gwamnati da dama suna bayar da shi kyauta a wurin awo. Ki tambaya, idan kin karɓa kuma ki baza shi a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura.

Keken turawa ba sai an daɗe a kansa ba. An yi shi ne domin shimfiɗaɗɗen titi, ba ya shiga adaidaita sahu cikin sauƙi, ba ya tsallake kwata. Zanen goyo da majanyi sun fi shi a lungunanmu, kuma kina da su a akwati. Keken koyon tafiya ma ki cire shi daga jerin kayan da kika rubuta, ba ya sa yaro saurin tafiya, kuma yakan kai shi bakin murhu ko matakala kafin a ankara. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Saitin wanka mai kwalabe shida, da man gashi, da turare, da hoda, yawancinsa kwalliyar kan madubi ne. Sabulu ɗaya marar ƙamshi mai ƙarfi, da basilin fari ko man kaɗanya mai tsabta, sun wadatar, kuma basilin ɗin shi ne zai kare mazaunai daga fitsari idan nafkin ake sa wa. Hoda ba dole ba ce, ƙurarta ma tana shiga hancin jariri. Baho kuwa kowace sabuwar roba mai faɗi ta yi, muddin shi kaɗai ake yi wa amfani da ita. Abu ƙarami da ba na so ki tsallake shi ne man cibiya, wanda ake rubuta Chlorhexidine a jikin kwalinsa. Shi hukumomin lafiya a Najeriya suka amince a riƙa shafawa a cibiya maimakon man goge baki, ko gishiri, ko gasa ta da tsumma, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A cibiya kawai ake sa shi, ki raba wurin ajiyarsa da na maganin ɗigawa a ido, domin idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Allurar rigakafi ta ranar haihuwa, da ta mako 6, da 10, da 14, da ta wata 9, duk kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuɗin mota kawai za ki tanada.

Sai lokacin sayen. Kafin haihuwa ki tanadi abin da zai kai ki ranar suna kawai: riguna biyar ko shida, hula da safa, shawul ɗaya, tawul biyu, nafkin, ledar pampas ɗaya, sabulu da mai. 'Yan barka ba sa zuwa hannu rabbana, kuma abin da suka fi kawowa shi ne ƙananan riguna, da sabulu, da garin wanki, da pampas. Bayan an watse daga taron suna ki zazzage abin da aka samu, ki ware wanda ya yi yawa, sannan ki aika kasuwa da sauran kuɗin a cike abin da babu, wanda galibi zai zama tufafin wata shida zuwa sama da pampas mai babbar lamba.