Mutum-mutumin wuya da na sayo wa ɗalibaina

Wata uku ke nan da na sayi mutum-mutumin roba na kai da wuya a wani shagon kayan asibiti a nan Maradi, jika 40. Robar tana da ƙwari, ƙurar hunturu ma tsumma mai laima ke ɗauke ta.

Inda ya burge ni shi ne zoben jijiyar da ake kira ansa sabikalis, wato jijiyar da ke kai saƙo ga wasu tsokokin gaban wuya. An fito da reshen sama mai fitowa daga C1 (jijiyar laka ta farko a wuya) yana rakiyar jijiyar harshe, na ƙasa kuma daga C2 da C3 (ta biyu da ta uku), sun haɗu a kan babbar jijiyar jinin wuya, an yi musu launin rawaya.

Sai dai siffa ɗaya tak yake nunawa. A jikin mutane, wani zoben a bayan jijiyar jinin yake bi, wani can sama, wani ƙasa. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ashe ba kullum haka yake ba?" Wannan ya dame ni, don likita mai aikin maƙoƙo zai gamu da bambancin nan da wuƙa a hannu. Yanzu da zare rawaya nake ɗaura musu sauran siffofin a jikin robar.