Sabon Predator a Kaduna: sinima, turawa a waya ko fassara?

Duk wanda ya taso da finafinan Kwamanda ya san Predator na 1987, inda dodon ya riƙa ɗauke sojoji ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙungurmin daji. Wanda Dan Trachtenberg ya fitar a watan Nuwamba na 2025, Predator: Badlands, ya juya labarin baki ɗaya. A nan dodon ne jarumi, matashi mai suna Dek da danginsa suka raina, kuma yana magana ne da yaren da aka ƙirƙira domin fim ɗin. Sai ka karanta rubutun ƙasan allo kafin ka san me yake cewa. Wannan shi ya kamata ya yanke maka inda za ka kai kuɗinka.

Idan ka tarar ana haska shi a sinima, nan ne wurinsa. Gurnanin namun dajin Genna, duniyar da labarin ke gudana a cikinta, da faɗin ƙasarta ba abin da lasifikar waya za ta ɗauka ba ne. Matsalar mu 'yan Kaduna ita ce sau da yawa sai mutum ya dangana da Abuja, kuma idan ka haɗa kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu da na mota da na abinci, tikitin sinimar shi ne mafi arha a tafiyar. Ni dai ba zan ce a yi tattaki don fim na minti 107 kaɗai ba, sai dai idan da ma akwai wata hidima a can.

Ta intanet kuwa, kamfanin da ya shirya fim ɗin, 20th Century, yana hannun Disney tun 2019. Saboda haka kafin ka biya kuɗin wata a kowace manhaja, rubuta sunan fim ɗin ka tabbatar yana ciki. Ka kuma lissafa data: hoto mai kyau yana iya cin gigabait 3 a awa guda.

Sai masu turawa. Ko'ina akwai su, daga Kasuwar Barci zuwa Kawo, kuma nan yawancinmu muke ƙarewa. Abin da nake roƙo shi ne kada ka miƙa memori ka juya baya. Ka ce, "Malam, buɗe min in gani tukuna." A ja zuwa tsakiya, wurin da hoton ya yi duhu. Idan ka ji tari ko dariyar mutane, ko ka ga tallan caca yana yawo a kan allo, to da kyamara aka ɗauko shi daga sinima. Irin wannan kwafin yakan yanke ƙasan hoton, ko rubutun ya zo da wani yare, ka wuni kana kallon Dek yana gurnani ba ka san abin da ya haɗa shi da mahaifinsa ba. Kuma a sani, waɗannan kwafin ba da izinin masu fim ake yaɗa su ba, ko sisi ba ya komawa gare su.

Fassarar Hausa ta fi amfani a wannan fim fiye da na baya, musamman ga wanda karatun Turanci da sauri ke ba shi wahala. Inda take ciwo shi ne idan mai fassara ya danne sautin asali, ya cika wurin da ya kamata a yi shiru da barkwanci. Dangantakar Dek da Thia, mutum-mutumin da Elle Fanning ta fito a matsayinta, tana buƙatar a bar ta ta numfasa. Saurari minti biyar kafin ka biya.

Ba dole sai ka ga na baya za ka gane wannan ba. Amma idan yara za su zauna, kada ka haɗa musu da na 1987 ko Prey na 2022. Waɗannan na manya ne, jini a fili, alhali sabon an sa masa shekara 13 zuwa sama a Amurka.